Ban Kwanan da Ya Rage a Geza

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Mamman Gado, a Lolo, zuwa ga ɗana Umaru Sanda, a masaukinsa na Birnin Kebbi.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, jiki da zuciya. Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna, gero ya yi ciki, gulbi ya cika har ya taɓa gonakin shinkafa. Uwarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Ka yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya koyi boko da furfura a ajin yaƙi da jahilci ne, layukan nasa sai hawa da gangara, amma na ƙi ba kowa ya rubuta mini domin maganar tawa da kai ce.

Saƙonka ya iso ta bakin direban motar kifi. Ya ce an ɗaga tashin jirginku daga Kano, ka samu rarar 'yan kwanaki, kana so ka komo gida ka ƙara ganinmu kafin ka wuce Amirka. Na ji daɗin wannan niyya ƙwarai, Allah ya yi maka albarka. Amma kada ka zo Lolo. Da damina irin wannan, kwanakin da ke hannunka ba za su ishe ka hanya biyu ba, kuma akwai inda ya fi mu bukatar ƙafarka. Ka tafi Geza wurin Arzika ka yi ban kwana da shi. Na san za ka ce tsoho ya fara ruɗewa, to ka zauna ka karanta har ƙarshe tukuna.

Ba sai na tuna maka wane ne Arzika a wurinka ba. Rana ɗaya aka ɗauke ku zuwa elementare kuna kuka, shi daga Geza kai daga nan, tun daga ranar kuma ba a ganin ɗayanku ba ɗaya har kuka gama babbar makarantar Zariya. In an yi hutu nan yake fara sauka, ya cinye mana tuwo, sa'an nan ya tuna yana da iyaye. Tare kuka rubuta jarrabawar shiga jami'ar nan ta Amirka. Kai ka bayyana mini cewa ba ta gwamnati ba ce, ta wasu mutane ce masu zaman kansu, ba ruwansu da ɗan wane, kuma tsantseninsu wajen zaɓe ya fi na mai sayen doki. Samari suka zo daga kowane lardi, aka tace, aka sake tacewa, kuka rage ku kaɗan, har da kai da shi. Sai ranar da aka kira ku Kaduna gaban Turawan jami'ar don a ji bakinku, i'inar Arzika ta tashi, maganar ta tsaya masa a wuya. Kai da bakinka ka ce mini a lissafi bai da na biyu a ajinku, shi ya riƙa koya maka. Aka ɗauke ka, shi kuma ya koma Geza yana koyar da yara a makarantar garinsu.

Ba zan ɓoye maka ba, ranar da takardar ɗaukarka ta zo na karɓa da fuska a murtuke kamar ba komai, na ce to madalla, na shige ɗaki na turo ƙofa, na taka rawa ni kaɗai da gemuna. Uwarka ta hango ni ta kafar ƙofa, har yau tana yi mini gori. Bara waccan aka sauke tutar Ingila, ga shi ɗan fatoman kasuwar Lolo zai tafi karatu inda ko Turawan da suka mulke mu ba kowannensu ke samun shiga ba. Wa zai hana ni rawa?

To daga cikin murnar nan kuskuren ya fito, kuma nawa ne. Na tara mutanen gida na ce kowa ya kama bakinsa har ka tafi. Ka san mu nan ba a faɗin ranar tafiya, balle tafiya irin wannan, saboda bakin mutane. Haka muka taras, haka muke yi. Ka dube ni ka ce, “Baba, har Arzika?” Na ce har shi. Na ga ranka bai so ba, amma na ga kamar har da ɗan sauƙi ka samu, domin kana jin nauyin haɗa ido da shi. Ni na ba ka inda za ka laɓe, kai kuma ka laɓe. Ka fita da sassafe da akwatinka a kan jaki kamar mai zuwa cin kasuwar Dole Kaina.

Ranar kasuwar da ta biyo baya Arzika ya zo. A bakin wata mai daddawa ya ji labarin, ita ma a bakin matan gidanmu ta ji, ka ga iyakar sirrin namu ke nan. Ina zaure tare da baƙin Dahome muna cinikin kanwa, sai ga shi ya tuɓe takalma tun daga waje, ya durƙusa can nesa. Yaron da ke shigowa gidan nan ba sallama yana tambayar me aka dafa! Ya yi mini barka, ya yi maka addu'a mai kyau, i'inar ma ba ta taɓa shi ba. Na ce a kawo masa fura, ya ce alhamdulillahi. Da zai tashi ya tsaya yana murza hularsa, maganar ta daɗe kafin ta fito.

“Baba, ni ba tahiyar tad dame ni ba,” in ji shi. “Wallahi na yi mai murna. Amma da ya hwaɗa mini, ai da ni ka ɗaukar mai akwati har bakin gulbi.”

Ya yi sallama ya fita, na bi shi da kallo, sai na ga ba Arzika nake kallo ba, Bawa nake kallo.

Ka san Bawa, mai fito, wanda ya rasu shekarar da ka shiga makarantar midil. Kai dai ka san shi a matsayin wani dattijo da muke gaisawa da shi a masallaci. Ba ka san cewa a duniya ban taɓa yin aboki kamarsa ba. Tare aka yi mana kaciya, tare muka koyi tuƙi, jirgi ɗaya muke turawa muna ƙetarar da fatake a mashigi. Bai taɓa kirana da sunana ba, Kan Tulu yake ce mini, ni kuma in ce masa Gwiwar Raƙumi. Muna samari wani attajirin Dandawa, Alfa Sumaila, ya ce yana neman yaro ɗaya mai jin Hausa da Dandanci da zai riƙa binsa Jugu, cikin Dahome, da kanwa da busasshen kifi, a komo da goro. A zamanin nan wannan ita ce tamu jami'ar. Kowane saurayi a bakin ruwa ya sa rai, amma kowa ya san tsakanina da Bawa ne. Alfa ya ɗauke ni.

Goggona da ta riƙe ni ta ce kada in kuskura in faɗa wa kowa, har Bawa, domin wanda ya fi kusa da kai shi ya fi jin zafi. Na bi maganarta da sauri, don ta yi daidai da tsorona. Ban san yadda zan dubi idonsa in ce ni aka zaɓa ba. Muka yi fito tare da yamma, ya yi ta tsokanata kamar kullum, da gari ya waye na bi ayari ta wata hanya.

Da na komo bayan shekaru na zo masa da riga saƙi mai aiki, ina ganin ta isa ta shafe komai. Ya miƙe tsaye ya tarbe ni, ya kakkaɓe tabarma ya shimfiɗa mini, ya ce, “Malam Mamman, an zo lahiya?” Ya karɓi rigar da hannu biyu ya yi ta godiya har na ji kunya. Tun daga ranar bai sake ce mini Kan Tulu ba. Bai taɓa yi mini rashin mutunci ba, Sanda, ko sau ɗaya. Ranar sunanka ya zo ya yi addu'a ya tafi. In na shiga jirginsa sai ya ba ni wuri mai kyau inda ruwa ba ya fantsamowa. Gari ɗaya muka zauna muna ta girmama juna har ya mutu, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Kullum ina cewa gobe zan same shi in ce, Bawa, tsoro ne ya sa na gudu, ba raini ba. Har yau in na ƙetare gulbi abin yana ci mini rai.

Don haka ka riƙe wannan. In abokinka na ƙuruciya ya zage ka, da sauran zumunci. In ya fara shimfiɗa maka tabarma yana ce maka malam, to ka tashi tsaye, abu ya kusa lalacewa. Kuma tsaraba ba ta biyan ban kwana. Kada ka ce in ka komo da digiri za ka zo masa da agogo ko rediyo ku shirya. Zai karɓa ya gode maka, shi ke nan.

Akwai abin dariya a cikin labarin ma. Na yi shekaru ina tafiya da ƙirji a gaba, ina zaton Alfa Sumaila ya hango wani abu ne a tare da ni wanda Bawa bai da shi. Wata rana muna hutawa a zango na tambaye shi me ya sa ya zaɓe ni. Ya yi tunani kamar mai neman abin da ya manta, ya ce ai da Bawa ya so, don ya fi ni natsuwa, sai dai ranar da ya zo yanke magana Bawa na kwance da zazzaɓi, ni ya tarar a bakin ruwa. Ya ci gaba da cin goronsa. Ni kuwa ranar ko tuwo bai shige ni ba.

Ban faɗi wannan don in rage maka ba. Ka yi karatu, na ga idonka ya yi ja a kan littafi, kuma mutanen nan ba su yi kuskure ba da suka ɗauke ka. Amma tsakanin wanda aka ɗauka da wanda aka bari, sau da yawa abin da ya raba su bai fi zazzaɓin kwana ɗaya ba, ko harshe da ya sarƙe a gaban baƙi. In ka isa can za ka tarar da samari kowa an zaɓo shi daga garinsu, kowa an gaya masa babu kamarsa. Wasu za su fi ka. Kada hankalinka ya tashi, kuma kada ka ce sai ka nuna musu. Wanda ya fi ka a wani fanni ka matsa kusa da shi ka koya, yadda ka yi da Arzika.

Tun da na buɗe bakin jakar, bari in ƙara maka wasu, domin da na zauna na lissafa kurakuraina sai na ga duk iri ɗaya ne. Mutum ne ni mai yawan magana inda ba a bukata, in an zo inda ake bukata kuma sai in yi gum.

Zuwana Jugu na farko, a gidan wani fatoma muka sauka, matarsa ta kawo mini sakwara da wata miya ja mai nama. Ban san naman ba, na ji tsoron ko ba yankakke ba ne, kuma kunya ta hana ni tambaya. Na ce na ƙoshi. Washegari ma na ce na ƙoshi. Na koma ina cin gyaɗa a ɓoye kamar ɓera. Matar ta ɗauka ƙyamar girkinta nake yi, ta daina gaishe ni, mijin ya kai ƙarata wurin Alfa. Ashe naman akuya ne, liman ne ma ya yanka. Kalma ɗaya da ta raba ni da yunwa da baƙin jini. An ce mini can Amirka za a haɗa ka da wani gida da za su riƙa kula da kai lokacin hutu. Tun ranar farko ka gaya musu a fili, da fara'a, abin da addininka ya hana ka ci da sha, da lokutan da kake salla. Ba za su ji haushi ba. Abin da ke ɓata wa mai gida rai shi ne baƙon da ke ture akushi bai faɗi dalili ba. Na sauki baƙi a zauren nan fiye da yadda zan iya tunawa, Dandawa da Zabarmawa da Yarabawa da Fulani, ban taɓa jin zafin wanda ya ce mini ba ya cin kaza kaza ba. Wanda ya yi shiru ya bar tuwo ya huce, shi ke sa uwarka ta kwana tana tambayar me ta yi.

Abin da aka ba ka kuma in halal ne ka ci, ko da bai yi maka daɗi ba, ka yaba. In ka ga aikin gida ka sa hannu, kada ka zauna kamar hakimi. Ka koyi sunayen yaransu.

Wani karon kuma a Kandi, wani ma'aikacin Faransa a shingen kwastan ya yi mini dogon bayani da Faransanci. Ban ji ko kalma ba, amma saboda kada yaran ayari su ga gazawata na yi ta gyaɗa kai. Ashe cewa yake gadar gaba ta karye, mu bi ta yamma. Na ja jakuna da mutane muka yi yini guda muna tafiya, muka iske ruwa ya raba hanya, muka juyo. Alfa bai zage ni ba, ya dai ce daga yau in ban gane ba in ce ban gane ba, shi bai ɗauke ni don in gyaɗa kai ba. Kai ma Turancin da ka koya a Zariya, an ce na can daban yake fita, ta hanci. In malami ya yi bayani bai shige ka ba, ka ɗaga hannu. Su da suka zaɓe ka sun san daga nesa ka fito.

Sallarka kuwa ba sai na ja maka kunne ba, na san ka. In sanyi ya hana ka alwala da ruwan randa ka nemi na zafi, ba laifi ba ne. Ka riƙa rubuto wa uwarka ko layi biyu, da Hausa, da manyan baƙaƙe yadda zan iya karanta mata ba tare da na nemi malamin makaranta ba. In kewa ta kama ka, kada ka rubuto cewa komai lafiya lau alhali ba haka ba. Ka ga dai inda irin wannan shirun ya kai ubanka.

Yanzu ga yadda za ka yi a Geza. Kada ka saya masa komai. Kada ka sa kwat ɗin nan da aka ɗinka maka, ka sa rigarka ta gida. In ka isa zai tashi ya yi maka shimfiɗa, kada ka hau, ka zauna inda ka saba zama. Ka gaya masa gaskiya da bakinka: ni na hana ka faɗa, kai kuma ka ji nauyinsa ka bi. Ka ɗora mini kaso mafi girma, nawa ne, amma kada ka ɗora mini duka. Kada ka ce masa ai shi ya fi cancanta, ya sani, kuma jin haka daga bakin wanda aka ɗauka ba ya sanyaya rai. In ya yi fushi ka bar shi ya yi, ka zauna har ya gama. Ka kwana a ɗakinsa, ka ci tuwon uwarsa, ka shiga ajinsa ka ga yaran da yake koyarwa, domin aikin da yake yi ba ƙarami ba ne kuma yana so ka gani. In za ka tafi, ya miƙa hannu zai ɗauki kayanka, ka sakar masa.

Kada ka zaci abin nan ya zo mini da sauƙi. Ina son ganinka, Sanda. Shekarun da za ka yi can ba kaɗan ba ne ga mai shekaruna, gwiwoyina sun fara ba ni labari, kuma ba wanda ya san abin da Allah zai yi kafin ka komo. Amma mu mun yi namu ban kwana. Na dafa kanka, na yi maka addu'a, na ga ƙeyarka har ka sha kwana. Raina a kwance yake. Ko yau aka kira ni, ba ni da sauran magana da kai da ban faɗa ba, ga ta nan na zube maka ita a takarda.

Uwarka ce dai aka sha fama. Tun da direba ya kawo saƙonka ta sa aka kama zabi, ta hau soya maka dambun nama da ƙuli-ƙuli da yajin da za ka tafi da shi. Da na gaya mata abin da na yanke, ta ajiye muciya ta dube ni.

“Kai ka hana shi sallama da abokinai,” ta ce, “yanzu kuma ni za ka hana ganinai? Komi naka sai ya zo baibai.”

Ban musa ba, gaskiya ta faɗa. Ta yini ba ta yi mini magana ba, na ji ta tana sharɓar kuka a madafa. Da la'asar ta fito da guzurin ta ɗaure shi tsaf a ƙullin zane, ta kira ƙanenka Isa, ta ce gobe ya bi 'yan kasuwa ya kai Geza, ya danƙa a hannun Arzika, ya ce masa ajiyar Sanda ce, yana nan tafe zai karɓa da kansa. Ban sa ta ba, ban ma san za ta yi ba.

Isa ya je ya komo jiya. Ya ce Arzika ya karɓi ƙullin ya riƙe, can ya tambaya wace rana za ka zo. Isa ya ce bai sani ba. Arzika ya ce to ba komai, zai riƙa duba hanya.

Allah ya kiyaye ka a tudu da gulbi da sararin sama. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya buɗe maka abin da ka je nema, ya tsare maka addininka da lafiyarka, ya komo mana da kai muna masu rai ko muna masu samun addu'arka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Ka kama hanya da wuri, yaron nan yana jira.

Ni ne mahaifinka,
Mamman Gado, Lolo.